Na Ba Ka

"Na ba ka, Arlen. Ɗauki abarka."

Delbert ne ya faɗi haka, kuma bai jira Baba Arlen ya sunkuya ba, ya sa gefen takalmi ya shuro masa ƙwallon. Na dubi inda take kwance kafin a shure ta, na dubi ramin. Tsakaninsu ana iya ajiye motar ɗaukar masara, har a samu wurin buɗe ƙofa.

"Shugaba," na ce, "wannan ce tazarar da ake bayarwa?"

"Farfesa ya fara," in ji Lyle mai aski, yana buɗe gwangwanin giya.

"Tambaya na yi."

"Colby, Laraba ce," in ji Delbert. "Sha abu mai sanyi."

Amsarsu ke nan ga komai. Ka ce rufin ɗakin kulob na yoyo, a ce Laraba ce. Ka ce samari sun daina zuwa, a ce Laraba ce. Baba Arlen ya tsugunna da ƙyar, ya ɗauki ƙwallonsa da hannun da ke rawa, ya jefa ta aljihu.

Filin golf ɗin garinmu, wasan nan na tura ƙaramar ƙwallo rami da sanda, rami tara ne, gonar masara ta kewaye shi ta gefe uku. Daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta, duk yammacin Laraba, da zarar an rufe shaguna, maza ke haɗuwa gasa: manoma, Lyle da ya aske kan kowa a garin, Delbert mai sayar da tarakta wanda yake shugaban kulob tun ina makarantar firamare. Mutum da mutum ake karawa, a gama a gasa nama a baranda, a yi ta ƙarya har rana ta faɗi. A wasan akwai wata alfarma. In ƙwallon abokin karawarka ta tsaya dab da rami, inda ko makaho ba zai kuskure ba, sai ka ce masa "na ba ka", a lissafa ta shiga. Abokin karawa kaɗai ke da bakin faɗin haka, kuma in ya faɗa ba a mayarwa. Asalin ma'aunin bai kai tsawon sanda ba. A kulob ɗinmu kuwa ya yi ta miƙewa kamar robar tsohon wando.

Babu wanda ake miƙa wa shi kamar Baba Arlen Vosika. Maƙwabcinmu ne, katangar katako ce kawai tsakaninmu, kuma shi ya raba wa gonakin yankin wasiƙu har ya yi ritaya. Shi ya fara ɗora mini sanda a hannu. Tun da ciwon rawar hannu ya kama shi, da ƙwallonsa ta hau gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami, kafin ya zaro sandar turi an riga an ba shi.

Ni da na dawo daga jami'a a Lincoln na kama koyar da kimiyya a sakandaren garin, abin ya tsaya mini a wuya. Ba wasan kaɗai ba. Gari ne da kowa ke ba kowa. Ɗan majalisa bai gyara titi ba, an ba shi. Yaro bai iya karatu ba, an ba shi ya wuce aji. Bokitin da ke tarar yoyon kulob shi ne wanda na sani ina yaro, har an yi masa fenti. Sannan su zauna suna mamakin abin da ya sa 'ya'yansu ke tattarawa su tafi birnin Omaha.

Saboda haka a taron buɗe gasa na bana na miƙe na kawo shawara: kowace ƙwallo sai ta shiga rami, ba kyauta. Na yi bayani, kuma na san na yi tsawo, don Lyle ya tafi banɗaki ya dawo ina kan magana.

"Masu goyon bayan Farfesa," in ji Delbert.

Na ɗaga hannu. Can baya, kusa da injin kofi, hannun Baba Arlen ya tashi yana karkarwa.

"Ɗaya," in ji Delbert. "Lyle, danne wa Arlen hannun nan, ya fara tashi da kansa."

Aka kwashe da dariya, Lyle ya kama hannun ya mayar masa kan gwiwa yana bubbuga shi. Aka wuce zuwa batun wa zai sayo gawayi.

A watan Yuli matar Baba Arlen, Mama Marlys, ta kai shi asibiti a Omaha don ciwon ciki, suka dawo da labarin da ya zaga gari kafin su sauke jaka. Ba rawar hannun ba ce za ta ɗauke shi. Likitoci sun ce da wuya ya ga girbin masara.

Wata Asabar da hantsi ina yankan ciyawa, ya yafito ni daga matakalar bayan gidansa. Ya rame har hular kulob ta yi masa yawa. A gabansa akwai kofin kofi da ya kasa sha, da farantin burodin nan mai zaƙi na Mama Marlys.

"Ci," ya ce. "Kowa ya zo duba ni sai ya kawo abinci, ita kuma tana ta gasawa. In ba ka taimaka ba firjin zai riga ni mutuwa."

Na zauna na ci.

"Ka ga jadawali? Larabar ƙarshe da kai zan kara."

"Na gani. Baba, in ba za ka iya ba..."

"Rufe mini baki. Ranar taro, hannun nan, ni na ɗaga shi."

Na tsaya da tauna.

"Yana rawa, gaskiya ne. Amma bai taɓa tashi sama da kansa ba. Ba tuta ba ce." Ya yi 'yar dariya, ta zama tari. "Colby, rabona da in ji ƙarar ƙwallo ta faɗa rami, tawa, wadda ni na tura, tun kafin a haifi jikata. Yanzu tana hawa keke. Ka san ƙarar?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba, kai kullum kana jin ta. Na gwada da kofi a falo. Ba ita ba ce. Marlys ta ce kuma in na sake fasa mata kofi za ta kai ni gidan tsofaffi."

"To me ya hana ka faɗa musu? Ka ce su daina. Abin da nake ta faɗa ke nan, mutane su buɗe baki."

Ya dube ni kamar na ce a shuka masara a kan kwalta. "Delbert ne ya riƙe mini zobe ranar aurena. Lyle ya fara ba ni ne ranar da ya ga sanda ta kuɓuce mini gaban mutane. Yaya zan ce musu alherin da suka daɗe suna yi mini ya ishe ni? Sai su kasa haɗa ido da ni, ni kuma ba ni da lokacin da za su huce." Ya tura mini farantin. "Kai kuwa sun riga sun san ba ka da kirki."

"Na gode, Baba."

"Ba yabo ba ne, aiki ne. Ranar nan, ko a bakin rami ta tsaya, kada ka ba ni. Ko sun zage ka. Kuma kada ka ce ni na sa ka."

"Za su kore ni daga garin."

"Ai dama kullum cewa kake za ka tafi."

Da zan tsallaka gida ya kira ni. Ya zaro na'urar jinsa daga kunne ya miƙo mini a tafin hannu. "In ka shiga kantin magani, samo mini sabon batir. Wannan ya yi sanyi. Kada in sha wahala a banza."

Larabar ƙarshe ta zo da zafi, iska ba ta motsi, masara ta fi mutum tsawo. Ban taɓa ganin barandar kulob ta cika haka ba. Har mata sun zo, abin da ba a saba ba, kowa ya san dalili amma ana ta maganar farashin waken soya. Mu huɗu muka fita tare: ni da Baba Arlen, Delbert da Lyle. Lyle ke tuƙa Baba Arlen a 'yar motar fili, an sa masa matashi a baya.

Bai sauko ba a ramin farko. Na buga, na juyo, ya ɗaga mini hula.

"Na ba ka wannan, Farfesa."

Haka a na biyu, haka a na uku. Yana zaune yana ba ni ramuka kamar mai rabon alewa, yana kuma gyara wa kowa bugu.

"Delbert, kana ɗaga kai kafin ka buga. Tun zamanin da kake da gashi nake faɗa maka."

"Ni na ga inda ta tafi?"

"Ta tafi gonar Kucera. Je ka gaishe ta."

Lyle ya buga tasa ta faɗa tafki, Baba Arlen ya ce kifayen wurin sun fi shi yawan ƙwallo, nan gaba su za su shiga gasa. Dariya suke yi irin ta mutanen da suka ƙudura ba za su yi kuka ba.

Rami na tara gajere ne, yana ƙarewa a gaban baranda. Nan ya ce, "Lyle, tsaya. Bari in nuna wa yaran nan."

Ya sauko. Bugun farko ta yi birgima kaɗan ta tsaya. Na biyu ta fi. Aka sake ɗaukarsa a mota zuwa inda take, ya sake saukowa. Da ta hau gajeriyar ciyawa, barandar ta ɗauki tafi. Ya tura ta daga nesa, hannun ya fizge, amma sai ta bi gangara ta zo ta tsaya kusa da rami, tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba. Ko a dokar asali wannan abar bayarwa ce.

Kowa ya juyo gare ni.

Na sa hannu a aljihu na dubi masara.

"Farfesa," in ji Delbert a hankali. "Buɗe baki."

"Ba ta shiga ba."

"Na ce buɗe baki."

"Ba ta shiga ba, Shugaba."

"Kai wane irin yaro ne?" in ji Lyle. "Ya ba ka rami takwas. Mutumin nan ya goya ka a kafaɗa. Wannan ne bokon?"

Daga baranda wani ya ce a bar shi da halinsa, uwarsa ma ta gaji. Abin da ya fi ba ni haushi, ga ni da cikakkiyar amsa a baki, karo na farko da gaskiyata ta wuce gardama, kuma an hana ni faɗa.

Baba Arlen bai dubi kowa ba. Ya gyara tsayuwa, ya sa yatsa ya murɗa na'urar kunnensa. Kan sandar na bugun ciyawa kamar kaza na tsattsaga. Ya tura. Ƙwallon ta wuce ramin ta gefe, ta yi nisa fiye da inda ta taso.

Wata mata a baranda ta ce, "Wayyo."

Ya bi ta a hankali. Ya sake turawa, ta tsaya a rabin hanya. Ya sake, ta leƙa ramin ta zagaye bakinsa ta fito. Gumi ya jiƙa masa bayan riga. Na ga gwiwarsa ta lanƙwashe kaɗan, sai da ya dogara da sandar.

Delbert ya jefar da tasa sandar. "Ni ne shugaban kulob ɗin nan, kuma na ce an ba shi." Ya nufi ƙwallon da takalminsa.

"Delbert Sandoz." Mama Marlys ce, daga kan matakalar baranda, ba ta ko ɗaga murya ba. "In ƙafarka ta taɓa ƙwallon nan, ba za ka ɗauki akwatin gawarsa ba. Zan sa Farfesa a gurbinka."

Delbert ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi Mama Marlys, ya dubi Baba Arlen, ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya sauke ƙafar a hankali, ya cire hula ya share sanƙonsa.

"Arlen," ya ce, "ranar taro..."

"Matsa, kana tare mini haske."

Ya matsa. Sannan Delbert ya ce, da wata irin murya, "Tana karkata hagu. Ka nufi bakin dama."

"Ni za ka koya wa ramin nan? Ina nan aka haƙa shi."

"To ka kuskure sau uku."

"Ɗumama hannu nake."

Lyle ya yi wata dariya da ta fito ta hanci, ya juya baya yana goge ido. Baba Arlen ya manna ƙarshen sandar a cikinsa don ta rage rawa, ya jira. Hannun na da lokacin da yake lafawa, ɗan ƙanƙani, tsakanin karkarwa da karkarwa. Ya jira shi kamar mai jiran mota ta wuce ya tsallaka titi. Sai ya taɓa ta.

Ƙwallon ta gangara ba gaggawa, ta karkata hagu yadda Delbert ya ce, ta tsaya a baki kamar tana shawara, ta faɗa.

Ƙwal-ƙwal.

Ba wanda ya yi tafi nan take. Baba Arlen na tsaye, kansa a karkace, idonsa a rufe.

"Ita ce," ya ce. "Ba su canza ta ba."

Sannan barandar ta fashe. Lyle ya sunkuya zai ciro masa ƙwallon, Baba Arlen ya doke masa hannu da sanda. Ya durƙusa da kansa, ya zura hannu cikin ramin, muka kama shi ni da Delbert muka ɗaga.

"Nawa za a rubuta?" in ji Lyle.

"Duk abin da na buga," in ji Baba Arlen. "Ka tambayi Farfesa, shi ba ya yafiya."

A baranda ya ci loma biyu na nama, ya kurɓi giya, ya yi ta ba da labarin turin nan ga mutanen da suka gani da idonsu. Kafin a tashi tazarar ta kai tsawon mota. Babu wanda ya ba ni haƙuri, ban kuma sa rai ba. Delbert dai ya ɗora mini nama mafi girma a faranti, ya ce, "Har yanzu ba ka da kirki." Na ce masa rufin na nan yana yoyo.

Baba Arlen bai ƙara fita ba. Satin da ya biyo aka kawo gadon asibiti aka sa a falo, kusa da taga mai kallon katangarmu. Ina leƙawa kafin in tafi makaranta. Wani lokaci yana barci, wani lokaci ya tambaye ni wa na ɓata wa rai jiya. Ƙwallon tana kan teburin gefensa, tsakanin kwalaben magani.

Ranar wata Litinin da safe, ina ɗaura takalmi, Mama Marlys ta ƙwanƙwasa ƙofar bayanmu. Ba ta taɓa zagayowa ba, ta kan katanga take kira. Tana sanye da rigar girki.

"Ya tafi, Colby. Ina dafa kofi. Na dawo na ce masa ga shi."

Na ce ta zauna. Ta ce a'a, ta bar tukunya a wuta.

Mu shida muka ɗauki akwatin, da ni da Delbert duka, don ta ce ba ta ga dalilin zaɓa ba. A ɗakin taro na coci, bayan jana'iza, aka ci burodi mai zaƙi har aka gaji, Lyle ya ba da labarin turin, tazarar ta kai daga nan zuwa gonar Kucera.

Kada wani ya zaci garin ya gyaru. Gasa ta ƙare, amma tsofaffin sukan ci gaba da fita ranar Laraba har sanyi ya kore su, kuma a fitar farko bayan jana'iza na ji "na ba ka" ta fi a ƙirga. Bokitin na nan. Zan sake kawo shawarata a taron baɗi, kuma na san hannu nawa zai tashi.

Ranar fitar nan ina bayansu, ni kaɗai, ina jiran su gama rami na tara. Ƙwallon Delbert ta tsaya dab da baki, ba ta fi faɗin yatsa biyu ba.

"Na ba ka," in ji Lyle, ya juya ya nufi baranda inda hayaƙin nama ke tashi.

"Na ji," in ji Delbert.

Bai ɗauka ba. Ya tsaya har sauran suka hau matakala. Rana ta yi ƙasa, inuwar masara ta kai tsakiyar ciyawa. Ya waiga, bai gan ni ba. Sai ya cire hula, ya karkato da kunnensa wajen ramin, ya taɓa ƙwallon.